Janareta A Kan Duwatsun Mandara: A Yi Lissafi Kafin A Saya

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata rigima da ta so ta raba wasu aminai biyu a nan Mora, kuma duk a kan wani ɗan ƙaramin janareta wanda yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Da muka bi diddigin maganar sai muka ga ba su biyu kaɗai ta shafa ba. Ta shafi duk wani ɗan'uwanmu da ke neman abincinsa tsakanin gari da kan dutse, ko mai sayar da yadi ne, ko mai wa'azi da lasifika, ko mai cajin wayoyi ranar kasuwa.

Ɗaya daga cikin aminan nan wani Alhaji ne maƙwabcinmu, mai sayar da atamfa da shadda. Ranar Lahadi yana kasa kaya a kasuwar Mora, ranar Laraba yana Mokolo, in kuma Salla ta matso sai ya zarce ƙasar Kapsiki ya yi mako guda a wajen Rumsiki. Tsohuwar bas ɗinsa ita ce shagonsa, ita ce kuma ɗakin kwanansa. Ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katifa, ya ajiye manyan batura biyu a ƙarƙashin benci, waɗanda ke ba shi fitila da fanka da rediyo, kuma da su yake yi wa mutanen ƙauye cajin waya su biya shi. Waɗanda suka manyanta za su tuna irin wannan tsari a motocin Turawa 'yan yawon buɗe ido da ke ratsowa ta nan zuwa Waza da Rumsiki, motoci masu gado da murhu a ciki. Tun da aka sace Faransawa bakwai a kusa da Dabanga cikin watan Fabrairu na 2013 ƙafarsu ta ɗauke, amma dabarar ta zauna a hannun mutanenmu.

To, Alhaji ya sayi janareta, wanda mu nan muka fi kira gurup, a hannun amininsa mai shago. An gwada shi a ƙofar shago ya tashi lafiya. Ya yi sati uku yana cajin baturansa da shi a gida ba wata matsala. Ranar da ya hau Rumsiki cikin watan Maris, ya ja igiya, injin ya tashi, amma da ya jona caja sai ya shiga tari yana fitar da baƙin hayaƙi, fitilu suna lumshewa, can sai ya mutu. Ya sake tayarwa, ya sake mutuwa. Kwana biyar ya yi a can, batura ba su taɓa cika ba, masu kawo waya suka koma wajen wani. Da ya sauko bai zame ko'ina ba sai shagon amininsa, ya ce an sayar masa da jabu. Mai shago ya ɗauko injin a gaban jama'a ya tayar, ya jona masa caja ɗin nan dai, injin ya riƙe kamar ba shi ba. Sai maganar ta koma wane ne maƙaryaci tsakaninsu.

Da daddare Alhaji ya same mu a ƙofar gida. Ya ce, "Malam, ku da kuka yi boko, ku gaya mini. Inji yana da aljanu ne da zai yi aiki a Mora ya ƙi yi a kan dutse?" Muka ce, "Alhaji, kawo injin da cajar da fitila, mu karanta abin da aka rubuta a jikinsu." Abin da muka gano a daren nan shi za mu shimfiɗa a nan.

Da farko dai, inji numfashi yake yi. Fetur ba ya ci sai da iska, kuma kowane awo ɗaya na fetur yana bukatar kusan awo 15 na iska in aka auna da nauyi. Iskar nan kuwa ba ɗaya take a ko'ina ba. A bakin teku, kamar Duwala, ta fi kauri domin duk iskar da ke sama ta danne ta. Kana hawa tana sirancewa. Duk wanda ya taɓa hawa Ujila da ƙafa ya san yadda ƙirji ke yi, ko da yake a can rabin hakin na gangaren ne. Masu shayi a Rumsiki ma ruwansu yana tafasa ne a wajen digiri 96, bai kai 100 ɗin da muke koya wa yara a aji ba. Mutum in iska ta yi masa kaɗan sai ya ƙara yawan numfashi. Ƙaramin inji ba shi da wannan dabara: abin da fistin ya zuƙo a jan guda shi ke nan, in iskar siririya ce ƙarfin ya ragu.

Masu ƙera injuna sun san da haka. Ƙarfin da suke rubutawa sun auna shi ne a iska irin ta kusa da bakin teku, da zafin digiri 25. Ƙa'idar da ke cikin littattafan irin waɗannan injuna ita ce, duk hawan mita 300 inji yana rasa kimanin kashi 3 da rabi cikin 100 na ƙarfinsa. Sai mu ɗora wannan a kan ƙasarmu. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, mita 200 da 'yan kai, hasararta ba ta taka kara ta karya ba. Mora tana wajen mita 450, watau kashi 5. Mokolo wajen mita 800, kashi 9. Rumsiki wajen mita 1,100, kusan kashi 13, haka ma Ngaundere. Ƙololuwar duwatsun Mandara baki ɗaya, dutsen Upay, mita 1,494 ne, wanda zai ci kashi 17.

Sa'an nan ga zafi. Iska mai zafi ita ma siririya ce, kuma a kan ƙiyasta hasarar kashi 1 a duk ƙarin digiri 5 ko 6 bisa 25 ɗin nan. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40 a Mora da Marwa da Garwa, wannan kaɗai kashi 3 ne. A kan dutse da ɗan dama-dama, amma tsakar rana can ma ba wasa ba ce. Saboda haka muka ce wa Alhaji ya ɗauka cewa a Mora injinsa ya rasa kashi 8, a Rumsiki kuwa kashi 15.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Bambancin kashi 8 da kashi 15 bai isa ya kashe inji mai sararin numfashi ba. In har ya kashe shi, to dama can a bakin gaɓa yake tsaye. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki da muka haska fitila a jikin injin. A gefen tanki an rubuta 950 da manyan lambobi masu ƙyalli, kuma da wannan lamba aka yi ciniki. A can ƙasa kuwa, a wani ɗan allon da mai ya shafe, an rubuta wat 650. Lambar farko suna ce kawai, kamar yadda akan sa wa yaro suna Sarki. Wasu injunan kuma lambobi biyu suke ɗauke da su, ɗaya ta abin da inji zai iya jurewa na ɗan lokaci kaɗan, ɗaya ta abin da zai iya ɗauka awa da awanni. Cajin batir aikin awanni ne, don haka ƙaramar lambar ita ce tamu. Ko manyan kamfanoni haka suke yi, sai dai su suna bayyanawa a fili: ƙaramin injin Honda mai lamba EU10i, alal misali, 1,000 ne iyakarsa, 900 ne na aikin yau da kullum.

Yanzu sai lissafi, kuma muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu, ba ya wuce na 'yan aji shida. Wat 650 in aka cire kashi 8 saura kimanin 600. Wannan shi ne injin Alhaji a Mora. In aka cire kashi 15 saura kimanin 550. Wannan shi ne injin nan dai a Rumsiki.

Me aka ɗora masa? Baturan Alhaji biyu ne masu bolt 12, kowanne an rubuta masa 100Ah, watau awon abin da cikinsa ke ɗauka. Cajarsa tana tura amfiya 30. Mutane da yawa sukan ninka 30 da 12, amma batir ba ya cika da bolt 12, sai an tura masa wajen 14.4, kamar yadda ruwa ba ya shiga randa sai an ɗaga tulu sama da bakinta. Saboda haka 30 sau 14.4, wat 432 ke nan. Ita kuma caja ba ta aikin banza, tana cin nata rabon ta mai da shi zafi, wanda duk wanda ya taɓa bayanta ya ji. Irin cajojin da ke kasuwanninmu sukan ci kashi ɗaya cikin biyar. Don ta ba da 432 sai ta karɓi 540 daga janareta. Ƙara fitilu huɗu masu wat 10 da yake kunnawa a rumfa, ya zama 580.

Da muka rubuta lambobin nan uku a ƙasa da tsinke, 600 da 580 da 550, Alhaji ya yi shiru yana kallonsu. A Mora injin yana da rarar wat 20 kacal, yana ɗauka yana nishi, ba wanda ya lura. A Rumsiki kayan sun fi ƙarfinsa da wat 30. Shi bai yi ƙarya ba, mai shago ma bai yi ba. Jakin da aka yi wa lodin da da ƙyar yake tafiya da shi a fili, ba a mamaki in ya durƙusa a hawan Koza.

Akwai wani ɓarawon kuma wanda ba ya fitowa a wannan lissafi. Caja mai araha ba ta shan wuta a hankali kamar fitila, fizga take yi. Saboda haka wayoyin tagulla da ke cikin janareta suna ɗaukar nauyin da ya fi abin da lambar wat ta nuna. Wannan ne ya sa ake ganin wasu injuna da awon VA ko kVA maimakon wat. Cajar da ke cin wat 540 tana iya zama wa wayoyin nan kamar 770. Injin fetur ɗin bai san da wannan ba, amma kwayil ya sani, kuma shi ne ke ƙonewa bayan wata biyu ko uku a ce an yi rashin sa'a. Masu naɗin kwayil a Marwa ba sa rasa aiki.

To, wane inji ya kamata ya saya tun farko? Shawararmu ita ce a fara daga batir a hauro, kada a fara daga kuɗin da ke aljihu a gangaro. Batir na ruwa irin wanda muka saba da shi yana son a tura masa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na awonsa: mai 100Ah, amfiya 10 zuwa 20, guda biyu a haɗe, 20 zuwa 40. Daga nan a san caja. Daga caja a san wat, kamar yadda muka yi a sama. Sai a tambayi kai wuri mafi tsawo da za a kai injin, a cire rabon dutse da na zafi. Daga ƙarshe a bar wa inji kashi ɗaya cikin biyar na hutu, domin injin da ke aiki a iyakar ƙarfinsa awa biyar kullum ba ya ganin baɗi. In aka bi wannan da kayan Alhaji, abin da yake bukata shi ne inji mai wat 1,000 na gaskiya, na ƙaramin allo, ba na gefen tanki ba. A kasuwa irin wannan yakan zo da babbar lamba 1,200 ko 1,500.

Alhaji ya ce shi ba shi da kuɗin wani injin a bana. Muka ce ba sai ya saya ba. Cajarsa tana da maɓallin rage ƙarfi, wanda bai taɓa taɓawa ba saboda a ganinsa ragewa hasara ce. In ya mai da ita amfiya 20, za ta ci wat 360, da fitilu 400. Injin da ke da 550 a kan dutse zai ɗauki 400 yana waƙa. Abin da zai biya shi ne lokaci. Batura biyu da aka sha rabinsu suna bin bashin 100Ah, kuma sai an biya da ɗan ƙari, a ce 115, domin batir ma yana cin nasa. Da amfiya 30 awa huɗu ne a takarda, da amfiya 20 kusan awa shida. Awa shida da inji ke tafiya sun fi awa huɗu da yake mutuwa.

Mun ce a takarda, domin batir na ruwa yana da wata ɗabi'a. Yana karɓar caji da sauri har ya kai wajen kashi 80, daga nan sai ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan, kamar mai cin tuwo da ya kusa ƙoshi. Kashi 20 na ƙarshe yana iya cin awa biyu ko uku, inji yana ta shan mai a kan ƙaramin aiki. A da, lokacin da man zuwa-zuwa ke shigowa ta Banki da Amcide da araha, ba wanda ya damu. Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 labari ya sha bamban, a gidajen mai na gwamnati ma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024. Saboda haka mu a ganinmu aikin janareta shi ne ya kai batir kashi 80 da sassafe, lokacin da iska ke da sanyi da kauri, sa'an nan a kashe shi a bar faifan sola ya ƙarasa. Faifai mai wat 100 a kan rufin mota yana ba da amfiya 5 ko 6 da tsakar rana, kuma wannan daidai ne da abin da batir ke so a ƙarshensa. Amma kada a ce tunda haka ne sai a riƙa barinsa a kashi 80 kullum. Batir na ruwa da ba ya cika ko sau ɗaya a mako yana mutuwa da wuri, haka ma wanda ake tatsewa ƙasa da rabi.

Masu hali yanzu suna sayen baturan litiyam, waɗanda ba su da wannan jan ƙafa. Suna karɓar duk abin da caja ta turo har su kusa cika. Wannan alheri ne ga mai, amma gwaji ne ga ƙaramin inji, domin ba zai sami sassauci ba daga farko har ƙarshe. Wanda zai koma gare su ya ƙara tsananta lissafinsa, kuma ya nemi cajar da aka yi dominsu.

Wani zai ce, ai janaretan yana da 'yar kafa ta bolt 12 a jikinsa, me ya sa ba za a jona batir kai tsaye ba? Wannan kafa amfiya 8 take bayarwa, watau awa 14 ke nan ga baturan Alhaji. Bugu da ƙari a yawancin injuna ba ta da abin da ke tsayar da ita in batir ya cika, sai ta yi ta dafa shi har ruwansa ya ƙafe. Ta tayar da mota ce in batir ya kwanta a daji, ba ta sana'a ba.

Sai maganar baƙin hayaƙi. Kafireta tana auna mai ne daidai da iskar ƙasa. A kan dutse iska ta ragu, mai bai ragu ba, sai ya yi yawa ya ƙi ƙonewa duka, filogi ya yi baƙi. A ƙasashe masu dogayen duwatsu akan canza 'yar ƙusar da mai ke bi a sa mai ƙaramin rami. Wani makanike ya ba Alhaji wannan shawara, mu kuwa muka hana shi. Duwatsunmu ba su kai mita 1,500 ba, kuma shi mai hawa da sauka ne. Injin da aka matse wa mai domin Rumsiki in aka sauko da shi Mora ko Garwa cikin bazara zai yi zafi fiye da kima, yana iya cin fistin. Wanda ke zaune dindindin a kan dutse ko a Ngaundere shi ne zai iya tunanin haka, shi ma a hannun wanda ya san aikin. Abin da ya fi wannan amfani ba ya cin ko dala: soson da ke tace iska. Da muka buɗe na Alhaji mun tarar ƙurar hunturu ta mai da shi kamar tubali. Injin da aka toshe wa hanci ya riga ya hau dutse tun yana ƙofar gida. A wanke soson nan duk mako a lokacin hazo, a riƙa tafiya da filogi na biyu, kuma in injin mai haɗin mai ne a auna baƙin man da awo, a daina zubawa da ido.

Akwai magana ɗaya da ba ta lissafi ba ce, amma ba za mu tsallake ta ba. Daren Disamba da Janairu a ƙasar Kapsiki akwai sanyi, ga kuma tsoron ɓarayi, sai mutum ya ga dabara ce ya shigo da inji cikin mota ko cikin ɗaki ya rufe. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, kuma injin da mai ya yi wa yawa, irin na kan dutse, ya fi fitar da ita. A ajiye shi a fili, nesa da taga, a ɗaure da sarƙa in ana tsoro. Batir ma yayin caji yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, don haka a buɗe ƙofar mota, kada a kunna ashana ko taba a kusa.

Muna sane da cewa wannan ba matsalar matafiya kaɗai ba ce. Wutar arewacin ƙasar nan ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai kudu da Garwa, wadda aka gama a 1982, mai injuna huɗu da ƙarfin megawat 72, kuma a shekarun da ruwa ya yi ƙasa kowa yana ji a jikinsa. An ƙara tashoshin sola a Marwa da Gidar, waɗanda aka ƙaddamar a 2023, amma ƙauyuka da yawa a kan duwatsu turken wuta bai kai gare su ba. Ga kuma 'yan'uwanmu da rikicin kan iyaka ya raba da gidajensu tun daga 2014, waɗanda da yawansu cajin waya da ɗan janareta shi ne jarin da suka sake farawa da shi. Mai irin wannan jari in kwayil ya ƙone ba shi da na biyu.

Alhaji ya koma Rumsiki kafin Babbar Salla da injin nan nasa, an wanke soso, an sa sabon filogi, caja tana kan 20. Ya ce yana tayarwa bayan sallar asuba ya kashe wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kuma bai mutu masa ko sau ɗaya ba. Faifan sola bai saya ba tukuna, ya ce sai bayan an sayar da albasa mutane sun biya shi bashi. Ya je ya ba amininsa haƙuri a gaban waɗanda aka yi rigimar a gabansu. Mai shagon ya haƙura, sai dai ya aiko yaronsa da takarda da biro, wai mu rubuta masa tsawon Mokolo da Rumsiki da Ngaundere da abin da ake cirewa a kowanne, zai manna a bango kusa da inda yake jera injunan.